Garka mai tsawon mita −15: tarihin yadda kwamfuta ta koyi aljabra

A shekarar karatun da ta wuce na bai wa ƴan ajina na lise wani aikin gida wanda ba shi da wuya. Na ce wani manomi yana da garka mai kusurwa huɗu. Idan aka haɗa tsawonta da faɗinta mita 25 ne, filin cikinta kuma murabba'in mita 150. Su nemo mini tsawon da faɗin. Amsar ita ce 15 da 10. Washegari wata yarinya, wadda ba ta cikin na baya a aji, ta miƙo mini kayenta da amsa an ja mata layi da jan bik: −15 da −10. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin garka mai tsawon mita −15. Ta yi shiru, can ta ce: "Mushe, ai salular yayana ce ta ba ni." Da muka bi sawu sai muka ga wurin da ya kamata ta sa alamar ragi ta sa ta ƙari. Na'urar ba ta yi kuskure ba, tambayar da aka yi mata ita ta amsa.

Da maganar ta je taron iyaye sai aka rabu gida biyu. Wasu suka ce a hana yara taɓa salula kwata-kwata in dai lissafi za su yi. Wani uba kuma, ɗan kasuwa, ya ce: "Malam, in har salula na iya wannan aikin cikin ƙiftawar ido, don me kuke wahalar mana da yara shekara da shekaru?" Ban ba shi amsar da ta gamsar da ni ba a ranar. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin abin da ke cikin salular nan yana da tarihi, kuma mutanen da suka ƙera shi sun riga mu yin wannan gardamar.

Mene ne bambancinta da kalkuleta

Kalkuleta lambobi ta sani. Ka ba ta 1 a raba 3, ta ce maka 0,3333333 ta tsaya inda gilashinta ya ƙare. Manhajar aljabra kuwa da haruffa take aiki kamar yadda ɗalibi yake yi a kan allo. Tana barin 1/3 a matsayinsa, ba ta yanke masa wutsiya. Idan ka ba ta x⁴ + 4 ka ce ta warware shi gida-gida, za ta ce maka (x² + 2x + 2)(x² − 2x + 2), abin da malamai da yawa sai sun yi tunani kafin su gano. Idan ka ce ta buɗe (x + 1) da aka ninka da kansa sau 100, za ta jero maka gaɓoɓi 101, na tsakiyarsu yana ɗauke da adadi mai lamba 30, ba tare da ta ɓatar da ko ɗaya ba.

Irin waɗannan jerin haruffa da lambobi, da ake haɗawa da tarawa da ragewa da ninkawa kawai, su ne muke ce wa polinom a aji. Matsalar garkar nan polinom biyu ce: x + y − 25 da xy − 150, ana neman inda dukansu biyu za su zama sifili. Babban ɓangare na binciken lissafi na zamani a kan wannan tambayar yake, sai dai haruffan kan kai goma ko ɗari.

Daga Bagadaza zuwa Faransa

Wajen shekara ta 820, a Bagadaza, Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa kan aljabr da muƙabala. Daga sunan littafin aka samo kalmar aljabra, daga sunan marubucin kuma Turawa suka samo kalmar algoritim, wato hanya mai matakai sanannu wadda duk wanda ya bi ta zai isa ga amsa. Babban kaso na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake, abin da malaman zaurenmu suka san wuyarsa. Babu x babu y a ciki, da zance yake bayani. Sanannen misalinsa shi ne wanda yau za mu rubuta x² + 10x = 39. Ya ce a ɗauki rabin goma, biyar ke nan, a ninka shi da kansa a sami 25, a haɗa da 39 a sami 64, a ɗauki tushensa 8, a cire biyar, saura 3. Wanda bai fahimci dalili ba ma zai iya bin matakan ya dace. Wannan ita ce ƙwayar da daga baya ta tsiro ta zama manhaja.

A 1545 Girolamo Cardano ya buga a littafinsa hanyar warware ekwasiyon mai mataki na uku da na huɗu, aikin da Scipione del Ferro da Tartaglia da Lodovico Ferrari suka yi a Italiya. François Viète ya shigo da amfani da haruffa a 1591, René Descartes kuma a 1637 ya ba mu al'adar x da y da z. Sai a 1824 Niels Abel, ɗan ƙasar Norwe, ya tabbatar da cewa mataki na biyar ba shi da irin wannan hanya ta bai ɗaya da tushe-tushe. Évariste Galois, wanda ya rasu a 1832 yana da shekara 20, ya bayyana dalilin.

Rubutu da haruffa ya sauƙaƙa tunani, amma bai rage gajiyar hannu ba. Misalin da nake yawan bai wa ɗalibaina shi ne na Charles-Eugène Delaunay, masanin taurari Bafaranshe. Ya so ya rubuta tafiyar wata da aljabra zalla, da la'akari da jan da duniya da rana suke yi masa. Aikin ya ci masa kusan shekara 20. Ya fito a kundi biyu, a 1860 da 1867, kowane kundi shafi wajen 900, kusan duk jerin haruffa ne. A 1970 masu bincike uku, André Deprit da Jacques Henrard da Arnold Rom, suka sa kwamfuta ta maimaita lissafin a Amurka. Ta gama cikin awa wajen 20, kuma kurakurai uku kacal aka samu a aikin Delaunay. Duk lokacin da na ba da labarin nan, wasu yaran na mamakin saurin na'ura, wasu na mamakin haƙurin mutumin. Ni dai abin da nake nuna musu shi ne: mutanen ukun nan sun iya tambayar na'urar ne domin sun fahimci abin da Delaunay ya yi.

Masu ƙirga da masu hujja

A ƙarni na 19 an yi wani Bajamushe, Paul Gordan, gwanin dogon lissafi da hannu. A 1868 ya tabbatar da wata babbar magana a kan polinom ta hanyar ƙirga mai tsawon gaske, amma da aka ƙara yawan haruffa sai hanyarsa ta gagara. A 1890 David Hilbert ya zo da wata dabara. Ya nuna cewa duk tarin polinom irin wanda masana ke kira idiyal, komai yawansa, ana iya samo shi daga ƴan ƙalilan da ke cikinsa. Sai dai hujjarsa ta ce ƴan ƙalilan ɗin suna nan ne kawai, ba ta nuna yadda za a zaƙulo su ba. Kamar a tabbatar maka akwai ruwa a ƙarƙashin gonarka amma a ƙi nuna maka inda za ka gina rijiya.

Hanyar Hilbert ce ta yi rinjaye tsawon shekaru. Emmy Noether, wadda ta yi digirinta na dokta a hannun Gordan a 1907, ta lissafo siffofi 331 da hannu a kundinta, daga baya ta raina aikin ta koma tafarkin Hilbert, ta zama ɗaya daga cikin iyayen aljabrar zamani. Amma ɗalibarta Grete Hermann ta waiwayi tambayar rijiyar. A 1926 ta buga aikin da ya nuna cewa tambayoyi da dama a kan polinom ana iya amsa su cikin matakai masu iyaka, ta kuma ƙiyasta iyakar. Babu kwamfuta a lokacin. Bayan yaƙin duniya na biyu Hermann ta ba da ƙarfinta ga horar da malaman makaranta a birnin Bremen.

Akwai wani kuma da nake so ƴan'uwana malamai su san sunansa: Francis Sowerby Macaulay. Malamin sakandare ne a makarantar St Paul's ta Landan daga 1885 zuwa 1911, yana koyar da yara da rana yana bincikensa a lokacin da ya samu. A 1916 ya fitar da littafi kan tsarin ekwasiyon masu polinom wanda har yau ana komawa gare shi. Za mu sake gamuwa da sunansa.

Na'ura ta fara karanta haruffa

Tun a 1843 Ada Lovelace, a bayanin da ta rubuta kan injin da Charles Babbage ya tsara, ta lura cewa irin wannan inji zai iya sarrafa alamomi kamar yadda yake sarrafa lambobi. Ba a gama ƙera injin ba, maganar ta kwanta fiye da shekara ɗari. A 1953 wasu ɗalibai biyu a Amurka, Kahrimanian a jami'ar Temple da Nolan a MIT, kowa da kansa, suka rubuta shirin da ke fitar da abin da muke kira deribe a tarminal, da haruffa. A 1961 James Slagle ya rubuta SAINT a MIT. An gwada shi da tambayoyin intagiral 86, da yawansu daga jarrabawar ƴan shekarar farko ta jami'a, ya ci 84.

Waɗanda suka fi matsuwa su ne masana kimiyyar fizik, domin lissafinsu ya kai inda takarda ba ta ɗauka. A 1963 Martinus Veltman, ɗan ƙasar Holan, ya rubuta manhajar da ya sa wa suna Schoonschip don lissafin ƙananan ƙwayoyin halitta. Da taimakonta shi da ɗalibinsa Gerard 't Hooft suka tabbatar da aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1999. A shekarun nan ne Jean Sammet ta jagoranci FORMAC a kamfanin IBM, Anthony Hearn kuma ya fara REDUCE. A 1968 aka fara Macsyma a MIT, a hannun Joel Moses da William Martin da Carl Engelman, ita ce ta zama uwa ga da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya.

Ɗalibin Innsbruck

A jami'ar Innsbruck ta ƙasar Ostiriya akwai wani farfesa, Wolfgang Gröbner, wanda ya daɗe yana fama da tambayar da Hilbert ya bari: in an ba ka tarin polinom masu haruffa da yawa, wace hanya ce tabbatacciya da za ta maida su siffar da za a iya karanta amsa daga gare ta? Ya miƙa tambayar ga ɗalibinsa Bruno Buchberger. A 1965, yana da shekara 23, Buchberger ya kawo amsar a kundin digirinsa na dokta, har ya gwada ta a kan kwamfutar Zuse Z23.

Dabarar tasa ba ta fi ƙarfin ɗan lise ba idan aka nuna ta da ƙaramin misali. Mu koma garkarmu. Muna da x + y − 25 da xy − 150. Mu yarda cewa x ya fi y girman daraja, don haka kan na farko shi ne x, kan na biyu xy. Mu ninka na farko da y domin kawunan su zama ɗaya: xy + y² − 25y. Mu cire na biyu daga ciki. Kawunan sun kashe juna, abin da ya rage shi ne y² − 25y + 150. Ga shi x ya ɓace, an bar mu da harafi ɗaya, kuma y zai zama 10 ko 15. Abin da Buchberger ya tabbatar shi ne: idan ka riƙa ɗaukar polinom biyu-biyu kana kashe kawunansu haka, kana rage abin da ya saura da waɗanda kake da su, kana ƙara duk sabon da bai zama sifili ba a cikin tarin, to dole wata rana aikin ya tsaya. Hujjar tsayawar kuwa tana komawa ga irin tunanin Hilbert. Tarin da ka samu a ƙarshe zai gaya maka ko akwai amsa, ko amsoshin suna da iyaka, da yadda za ka fitar da su. Wannan hanya ta haɗa abu biyu da muke koyarwa dabam-dabam: rabon polinom mai harafi ɗaya, da kawar da haruffa a tsarin ekwasiyon masu mataki na ɗaya.

Kusan shekara goma ba wanda ya kula da aikin sosai. A 1976 Buchberger ya sake buga shi, ya kuma sa wa tarin sunan malaminsa: tushen Gröbner. Kafinsa da shekara ɗaya, a 1964, Heisuke Hironaka na Japan ya zo da tunani makamancin wannan a wani babban aikinsa, amma bai ba da hanyar lissafawa ba. Daga baya Buchberger ya kafa mujallar wannan fanni a 1985, da cibiyar bincike ta RISC a Linz a 1987.

Manhajojin masu bincike

Da kwamfuta ta yi araha a shekarun 1980, masana lissafi da kansu suka shiga rubuta kayan aikinsu. A 1983 Dave Bayer da Michael Stillman, waɗanda suka yi karatu a Harvard, suka fara wata manhaja ta tushen Gröbner, suka sa mata suna Macaulay don girmama malamin sakandaren nan na Landan. Magajiyarta, Macaulay2, wadda Daniel Grayson da Stillman suka fara a farkon shekarun 1990, tana cikin waɗanda aka fi amfani da su yau. A Genoa ta Italiya ƙungiyar Lorenzo Robbiano ta fitar da CoCoA.

Labarin Singular ya fi taɓa ni. Gert-Martin Greuel yana Kaiserslautern a Jamus ta Yamma, Gerhard Pfister yana jami'ar Humboldt a Balin ta Gabas, katanga a tsakaninsu. Suna nazarin wuraren da lanƙwasasshen layi ko shimfiɗa yake harɗewa ko ya yi tsini, suna neman misalan da za su gwada wasu hasashe da su, misalan kuma sun fi ƙarfin hannu. Pfister da ɗalibansa, cikinsu har da Hans Schönemann, suka fara rubuta shirin a kan ƙananan kwamfutocin gida, domin su ne abin da hannunsu ya kai gare shi. Bayan faɗuwar katangar a 1989 aikin ya haɗu a Kaiserslautern, aka fitar da Singular ga jama'a a 1997, kyauta.

Me ake yi da waɗannan kayan? Mai bincike yakan lissafa misalai ɗari ya ga wata ɗabi'a tana maimaituwa, sai ya yi hasashe, sannan ya nemi hujja. Ko kuma na'ura ta samo masa misali ɗaya da ya rushe hasashen, ta hutar da shi aikin shekaru. A ƙasar Sin, Wu Wenjun ya nuna a 1977 cewa za a iya maida maganganun jometiri su zama polinom na'ura ta tabbatar da su, Shang-Ching Chou kuma ya buga littafi a 1988 mai ɗauke da 512 da aka tabbatar ta wannan hanya. A Paris, Jean-Charles Faugère ya fito da hanyoyi masu sauri, F4 a 1999 da F5 a 2002, ya kuma yi amfani da irinsu ya fasa wani tsarin ɓoye saƙo da aka gina a kan ekwasiyon 80 masu haruffa 80. Masu ƙera hannun mutum-mutumi a masana'antu ma polinom suke warwarewa don sanin yadda kowace gaɓa za ta lanƙwasa.

Duk da haka na'urar tana da iyaka. A 1982 Ernst Mayr da Albert Meyer suka tabbatar da cewa akwai tsare-tsaren polinom da girman lissafinsu yake hauhawa ninki a kan ninki da kowane harafi da aka ƙara, ta yadda babu kwamfutar da za ta gama su. Masu aiki da waɗannan manhajoji sun san cewa sauya jerin darajar haruffa kawai na iya maida aikin daƙiƙa ya zama na kwanaki. Mutum ne yake zaɓar jerin, kuma sai ya san abin da yake nema.

Ta kuɗi da ta kyauta

A 1982 aka miƙa Macsyma ga wani kamfani, Symbolics, ta zama hajar sayarwa. Maple, wadda Keith Geddes da Gaston Gonnet suka fara a jami'ar Waterloo ta Kanada a 1980, da Mathematica ta Stephen Wolfram da ta fito a 1988, su ma na kuɗi ne, suka kuma mamaye kasuwa. Wani farfesa a Texas, William Schelter, ya ci gaba da kula da wani tsohon kwafin Macsyma shi kaɗai tun daga 1982. A 1998 ya sami izinin sake shi ga kowa. Ya rasu a 2001, amma masu sa kai suka ɗauki aikin, shi ne Maxima da ake saukewa kyauta a yau.

A 2005 William Stein ya fara Sage, wadda ta tattaro Singular da Maxima da PARI, ta ƙungiyar Henri Cohen a Bordeaux, da wasu da dama a ƙarƙashin rufi ɗaya. Dalilinsa biyu ne: tsada, da kuma cewa hujjar lissafi bai kamata ta dogara da akwatin da ba a yarda kowa ya leƙa cikinsa ba. A 2014 wasu masana uku na ƙasar Sifen suka ba da labari a mujallar ƙungiyar masana lissafi ta Amurka cewa wata babbar manhaja ta kuɗi ta ba su amsar da ba daidai ba a wani lissafi mai manyan lambobi, har ma tana ba da amsa dabam-dabam ga tambaya ɗaya. Sun gano ne domin sun gwada da wata manhajar, kuma suna da masaniyar yadda amsar ya kamata ta kasance.

Wannan ɓangaren ya shafe mu kai tsaye. Ɗalibin lissafi a jami'ar Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ba ya bukatar lasisin da ya fi ƙarfin bursarsa kafin ya taɓa kayan da ake bincike da su a Jamus da Amurka. Singular da Macaulay2 da Maxima da Sage duk kyauta ne, akwai ma littafin koyon Sage da Faransanci da aka saki kyauta a 2013. A matakin kolej da lise akwai Xcas, wadda Bernard Parisse ya fara a Grenoble a 2000, da GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a matsayin aikin kammala karatunsa a Salzburg. Ɓangaren aljabra na GeoGebra da injin Parisse yake aiki. In an sauke su sau ɗaya suna aiki ko babu intanet.

Komawa aji

To ina amsar uban nan ɗan kasuwa? Buchberger da kansa ya yi rubutu a kanta a 1990, lokacin da malamai a Turai suke irin gardamarmu. Shawararsa ita ce kowane darasi yana da zango biyu. A zangon farko akwatin a buɗe yake: ɗalibi ya yi da hannunsa, ya san dalilin kowane mataki, na'ura ba ta da wuri a nan. Idan abin ya zauna masa har ya zama maimaici, sai a shiga zango na biyu, a rufe akwatin, a bar na'ura ta ɗauki wannan aikin domin hankalin ɗalibi ya tafi ga darasi na gaba, wanda shi kuma za a fara shi a buɗe. Mutumin da ya ba kwamfuta hanyar warware polinom bai ce a daina koya wa yara warwarewa ba, bai kuma ce a hana su na'ura ba. Lokaci ya raba wa kowanne.

Haka nake ƙoƙarin yi yanzu. Ɗan ajin da ke koyon ekwasiyon mai mataki na biyu, da alli da kaye zai yi ta, har sai ya iya gaya mini don me ake ɗaukar rabin goma a misalin Alkhawarizmi. Ɗan tarminal da ke nazarin yadda wani layi yake hawa da sauka, ba na damuwa in ya sa na'ura ta buɗe masa doguwar baka, matuƙar zai iya bayyana abin da ta ba shi. Kuma kada mu manta, ranar jarrabawar bak salula a waje take kwana.

Ga iyaye, ba sai kun iya aljabra ba kafin ku taimaka. In kun ga yaro ya kwafo amsa daga salula, ku yi masa tambaya biyu. Ta farko: kafin ka latsa, wace irin amsa kake tsammani, babba ko ƙarama, ta ƙari ko ta ragi? Ta biyu: maida amsar cikin tambayar mu gani ko ta zauna. Yaron da ya iya amsa waɗannan, salula ba za ta cuce shi ba. Wanda ya kasa, ku karɓe ta na ɗan lokaci ku ba shi kaye, ku kuma sanar da malaminsa inda ya tsaya.

Ga ƴan'uwana malamai, mu sauke Xcas ko GeoGebra mu koye su kafin ɗalibanmu su riga mu. Suna taimakawa wajen shirya darasi da duba gyaran aiki, suna kuma ba mu damar ƙirƙiro tambayoyin da amsarsu ke fita tsaf. Mu riƙa ba da aikin gida da ke neman bayani da dalili, domin aikin da amsarsa lamba ce kawai, na'ura ta riga ta gama shi kafin yaro ya iso gida.

Yarinyar nan na sa ta sake aikin garkar a gaban allo. Ta ninka, ta cire, x ya ɓace, ta sami 10 da 15. Sannan na ba ta salulata na ce ta shigar da shi yadda ya kamata, amsa ɗaya ta fito. Na ce ta haɗa −15 da −10 ta gaya mini ko sun ba da 25. Ta yi dariya ta ce da ta yi wannan tun a gida da ba ta kawo mini ba. Na gaya mata cewa matakin da ta yi a kan allo shi ne wanda wani saurayi ya rubuta a Innsbruck a 1965, kuma irinsa manyan manhajojin bincike suke maimaitawa sau miliyoyi. Uban da ya yi tambayar kuwa, na yi alkawarin kai masa wannan rubutu har shagonsa, mu ƙarasa maganar a can.